Gwajin Ƙwayoyin Halitta Da Rigimar Asali: Ina Matsayin Hausawan Adjame Da Treichville?

A ƙarshen watan Yulin 2025 ne gwamnatin Jamhuriyar Benin ta miƙa wa mawaƙiyar nan Ba'amurkiya mai suna Ciara takardar shaidar zama 'yar ƙasa, a wani biki da aka yi a birnin Kwatano. An yi hakan ne a ƙarƙashin wata doka da ƙasar ta kafa a watan Satumbar 2024, wadda ta ba jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka damar neman zama 'yan ƙasa. Daga cikin hujjojin da dokar ta yarda a gabatar har da sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta, wato abin da ake kira DNA a Nijeriya, ADN kuma a ƙasashe rainon Faransa. Ƙasar Saliyo ta riga Benin taka wannan rawa, domin tun a 2010 ta ba ɗan wasan kwaikwayon nan Isaiah Washington takardar zama ɗan ƙasa, bayan da gwaji ya danganta tsatson mahaifiyarsa da ƙabilar Mende.

Babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da wannan karamci. Mutanen da aka raba kakanninsu da gida da suna da harshe, aka loda su a jiragen ruwa kamar buhunan gyaɗa, sun cancanci fiye da fasfo. To amma labarin yana da wani ɗanɗano na daban idan aka saurare shi a Adjame ko Treichville da ke nan Abijan, inda za ka iske dattijon da aka haifa a unguwar, mahaifinsa ya yi fataucin goro a nan tun kafin a haƙa mashigin ruwa na Vridi a 1950, ya aurar da 'ya'ya a nan, iyayensa kuma a nan aka binne su, amma har gobe a takarda baƙo ne. Wani ma ba baƙo ba ne, ba kuma ɗan gida ba, domin babu wata ƙasa a duniya da ta rubuta sunansa a kundinta. Wani bincike da hukumomin Kwaddibuwa suka yi tare da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.6 ne a ƙasar ko dai ba su da ƙasa, ko kuma suna cikin haɗarin rasa ta.

Abin tambaya a nan shi ne, shin wannan gwaji da yake buɗe wa mutumin Atlanta ƙofar Kwatano, yana da abin da zai tsinana wa mutumin Adjame? Kafin amsa, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki.

Mutum yakan tofa yawu a wata 'yar kwalba, ko ya goga auduga a cikin kumatunsa, ya aika wa kamfani, bayan 'yan makonni a turo masa sakamako ta intanet. Gwajin iri uku ne. Akwai mai bin layin uba kawai, daga uba zuwa kaka zuwa kakan kaka, kuma maza kaɗai ke ɗauke da wannan alama. Akwai mai bin layin uwa kawai. Na ukun shi ne mai duba gadon da mutum ya kwaso daga kowane ɓangare, ya rarraba shi kashi-kashi, ya ce kashi kaza cikin ɗari daga wuri kaza ne. Kamfanin African Ancestry, wanda masanin ƙwayoyin halitta Rick Kittles da Gina Paige suka kafa a Amurka a 2003, ya yi suna ne da nau'i biyun farko, shi ne kuma yake ba mutum takarda mai cewa tsatsonsa ya yi daidai da na Hausawa ko Fulani ko Yarabawa ko Tikar na Kamaru.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Idan mutum ya ƙirga baya zuwa zuriya 10, guraben kakanninsa 1,024 ne. Layin uba da layin uwa suna ba da labarin mutum biyu ne kacal daga cikinsu, sauran 1,022 kuwa shiru kake ji. Bayan haka, kamfanin bai tono ƙabarin kowa ya auna ba. Abin da yake yi shi ne ya kwatanta jininka da na mutanen da suke raye a yau, waɗanda aka ɗauki samfurinsu a wani gari, aka tambaye su ƙabilarsu suka faɗa. Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. A 2006 wani rukunin masana a ƙarƙashin Bert Ely na Jami'ar South Carolina ya kwatanta layin uwa na baƙaƙen Amurka da dubban samfura daga Afirka, inda ya gano cewa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari ne suka yi daidai da ƙabila ɗaya tak, fiye da rabi kuwa sun yi daidai da ƙabilu da dama lokaci guda. Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san yadda aure da yaƙi da fatauci da bauta suka yi ta kai mata daga wannan gari zuwa wancan shekaru aru-aru.

Shi ma mai rarraba kashi-kashin bai tsira ba. A 2019 gidan talabijin na CBC a Kanada ya ba da rahoton cewa ya aika samfurin wasu tagwaye mata masu kama ɗaya ga kamfanoni biyar, sakamakon ya dawo ya sha bamban daga kamfani zuwa kamfani, a wani wurin ma tsakanin tagwayen su kansu. Idan haka ta faru da masu tsatson Turai, waɗanda aka fi nazarin jininsu, ina ga mu? Wani lissafi da aka buga a 2016 ya nuna cewa kashi 81 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin halitta a kansu masu asalin Turai ne, masu asalin Afirka kuwa kusan kashi 3 ne, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin halitta. Da masana na shirin H3Africa suka auna mutum 426 kacal daga ƙabilu 50 a 2020, sai da suka gano bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Wani abin dariya, wanda kuma ba na dariya ba, shi ne sunayen da kamfanonin ke liƙa wa kason. Kamfanin AncestryDNA ya shekara da shekaru yana gaya wa mutane cewa kashi kaza na jininsu na "Nijeriya" ne, kashi kaza na "Mali", kashi kaza na "Benin da Togo", kashi kaza na "Kwaddibuwa da Ghana". Waɗannan iyakoki Turawa ne suka zana su jiya-jiya, bayan an gama kwasar bayin da ake neman asalinsu. Jini bai san Katsina tana Nijeriya, Maraɗi tana Nijar ba.

To mu dawo kan Bahaushe. Wane ne shi a ma'aunin jini? Masana sun daɗe da lura cewa wata alama ta layin uba da ake kira R1b-V88 tana da yawa a tsakanin masu magana da harsunan da suke dangi ɗaya da Hausa, musamman a arewacin Kamaru da kewayen Tafkin Chadi, kamar yadda binciken Fulvio Cruciani da abokan aikinsa ya nuna a 2010. Da yake 'yan'uwan wannan alama suna Turai da yammacin Asiya, sai ka ji wasu matasa a Facebook suna murna, wai ga hujjar Bayajidda ta fito, lallai daga Bagadaza muke. Wannan gaggawa ce. Alamar ta girmi Bagadaza da dubban shekaru, ta girmi Daura da rijiyar Kusugu, kuma ɗimbin Hausawa ba sa ɗauke da ita, alhali wasu da ba su jin ko "zo in kashe ka" da Hausa suna da ita.

Gaskiyar magana ita ce Hausa ba ta taɓa zama gidan jini ɗaya ba, kuma Hausawa ba su taɓa ɓoye hakan ba. Wanda ya zaga cikin birnin Kano zai karanta tarihin a sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji cikin ƙarni na 14. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna cewa manyan fataken da suka riƙe hanyar Gwanja su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, biyun farko tushensu daga ƙasar Buzaye, na ukun daga Barno. Duk sun zama Hausawa, kowa kuma yana riƙe da asalinsa, yana neman aure da abokin ciniki da shi. Asali a wurin Bahaushe labari ne da dangi suka yarda da shi, suka kuma ɗauki nauyinsa. Ba a taɓa auna shi da kashi cikin ɗari ba.

Waɗannan fataken da ire-irensu ne suka fara kawo Hausa wannan ƙasa, tun ba a san za a yi wata aba wai ita Kwaddibuwa ba. Lokacin da Bafaranshen nan Louis-Gustave Binger ya shiga birnin Kong a 1888, ya tarar da unguwar Hausawa da marinarsu ta baba. Akwai su a Bonduku. Julawa na kiran Bahaushe Maraba, kuma har yau akwai garin Marabadiassa a tsakiyar ƙasar da yake ɗauke da wannan suna. Na Abijan su ne na baya-baya, waɗanda jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa da goron Anyama suka jawo, suka sauka a Treichville da Adjame, unguwanni biyu da Turawan mulkin mallaka suka bar wa baƙar fata, su kuma suka zauna a Plateau a tsakiya. Yau kuwa abincin da ɗalibi da ɗan acaɓa da ma'aikacin ofis suka fi rububi a birnin, wato garin rogon attieke da soyayyen kifi, sunansa garba, kuma kowa a Abijan zai gaya maka cewa daga sunan 'yan Nijar masu sayar da shi aka samo shi. Mai shayi da kofi a bakin titi kuwa aboki ake ce masa. Birnin ya karɓi sunan Bahaushe ya sa a bakinsa, sauran takarda.

Batun takardar nan tsoho ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 14 ga Disambar 1961 ta ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, sai fa idan iyayensa biyu baƙi ne, ba ta kuma fayyace wane ne baƙo ba a ƙasar da jiya-jiya take cikin tarayya ɗaya da Nijar da Mali da Burkina Faso ta yau. Ta dai bar wata 'yar ƙofa ga yaran da baƙi suka haifa a nan su nemi zama 'yan ƙasa ta hanyar sanarwa kawai, amma a 1972 aka rufe ta. Mutane da yawa ba su damu ba a lokacin, domin a zamanin Shugaba Houphouet-Boigny baƙi 'yan Afirka har ƙuri'a suke jefawa. Da tattalin arziki ya taɓarɓare sai aka ƙirƙiro katin zama na baƙi a 1990, aka fara aiki da shi lokacin da Alassane Ouattara yake Firayim Minista. Sannan Henri Konan Bedie ya zo da aƙidar nan ta "ivoirite", wato tantance ɗan ƙasa na asali, kuma dokar zaɓe ta 1994 ta ce sai wanda uwarsa da ubansa duka haifaffun 'yan ƙasa ne zai nemi shugabanci.

Idan mai karatu bai manta ba, wannan makami a kan Ouattara kansa ya fara sauka. A 1999 aka soke takardar shaidarsa ta zama ɗan ƙasa wadda alƙali Epiphane Zoro Bi ya ba shi a Dimbokro, rigimar kuma ta kai har ana tababar ko matar da ya ce ita ce mahaifiyarsa ita ce ɗin. Tsarin mulkin 2000 ya tsaya a kan "uba da uwa" maimakon "uba ko uwa", Kotun Ƙoli ta hana shi takara a watan Oktoba, a ƙarshen watan kuma aka tsinci gawarwaki 57 a Yopougon, akasarinsu 'yan arewa. Tawaye ya ɓarke a ranar 19 ga Satumbar 2002, rikicin bayan zaɓen 2010 kuma ya ci rayuka kusan 3,000. A waɗannan shekaru, a shingen jami'an tsaro, suna da doguwar riga sun isa su jawo wa mutum bala'i, kuma mai duba katin ba ya tsayawa bambanta Bajule ɗan Odienne da Bahaushe ɗan Tawa.

A nan ne nake ganin masu cewa kimiyya za ta raba gardama suke kuskure. A ce an yi gwajin a kan kowa. Abin da zai iya tabbatarwa, kuma ya ƙware a kai ƙwarai, shi ne wance ce ta haifi wane. Ba zai iya cewa wance 'yar Kwaddibuwa ba ce, domin wannan hukuncin 'yan majalisa ne da alƙalai. Su kansu Baule, ƙabilar Houphouet da Bedie, tarihinsu na baka ya ce Sarauniya Abla Pokou ce ta jagorance su daga ƙasar Asante a ƙarni na 18, abin da ke nufin kamfanin da ya haɗe Kwaddibuwa da Ghana a kaso ɗaya bai yi ƙarya ba. Kuma ga misalin Tidjane Thiam. Mahaifiyarsa daga gidan Houphouet ta fito, babu mai musun wannan jini, amma a watan Afrilun 2025 kotu ta cire shi daga rajistar masu zaɓe, bisa hujjar cewa ya rasa zama ɗan ƙasa lokacin da ya karɓi takardar Faransa a 1987. Tsarin mulkin 2016 ya riga ya mayar da "da" ta koma "ko", amma sashe na 48 na dokar 1961 yana nan. Wanda jinin Houphouet bai cece shi ba, ina ga jikan mai goro?

Inda gwajin ya riga ya shigo rayuwar talaka kuwa, ta ƙofar biza ya shigo, kuma ɓarna ya fi yi. A 2007 ɗan majalisar Faransa Thierry Mariani ya cusa wani sashe a dokar shige da fice ta minista Brice Hortefeux, wanda ya ba da damar gwada jinin yara kafin a bar su su bi iyayensu Faransa, a ƙasashen da ake shakkar takardun haihuwarsu. Shugaban Hukumar Tarayyar Afirka na lokacin, Alpha Oumar Konare, da Shugaba Abdoulaye Wade na Senegal sun yi tir da shi, a 2009 kuma minista Eric Besson ya ƙi sa hannu a fara aiki da shi. Wani abin lura shi ne Faransar nan ta haramta wa 'yan ƙasarta sayen gwajin don son sani kawai, tarar kuwa Yuro 3,750 ce. Amurka ma a 2008 ta dakatar da wani shirin haɗa 'yan gudun hijira da iyalansu bayan gwaji ya nuna da yawa daga masu nema a Gabashin Afirka ba su haɗa jini ba, ba ta kuma dawo da shi ba sai da ta sa gwajin ya zama sharaɗi.

Ko shakka babu akwai masu maguɗi a ciki. Amma jami'in da ke zaune a ofishin jakadanci yana da ma'anar iyali guda ɗaya: miji, mata, da 'ya'yan cikinsu. A gidan Bahaushe kuwa ɗan wa ɗa ne, ɗan ƙane ɗa ne, ba mu ma da wata kalma ta daban da muke kiransu da ita. Akwai ɗan riƙo da gwaggo ta ɗauka tun daga yaye, ta yi masa kaciya, ta yi masa aure. Akwai agola, akwai maraya da maƙwabci ya haɗa da nasa, akwai 'yan'uwan shan nono da aure ya haramta a tsakaninsu alhali babu na'urar da za ta ga abin da ya haɗa su. A zangon fatake kamar Adjame abin ya fi haka, domin yaron da aka aiko daga Birnin Ƙonni ko Sakkwato ya koyi kasuwa, maigidan da ya saukar da shi shi ne ubansa a idon kowa. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa. A ma'aunin kwalbar yawu duk waɗannan baƙin juna ne.

Malamai sun hango wani ɓangaren fitinar tun da wuri. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta yarda a yi amfani da gwajin wajen binciken laifi, da gano dangin wanda ba a san nasabarsa ba, da kuma inda jarirai suka cakuɗe a asibiti, amma ta hana a yi amfani da shi don rushe nasabar da ta riga ta tabbata ta hanyar aure. Gwajin asali da ake saye don nishaɗi bai san wannan iyaka ba. Yakan jero wa mutum sunayen waɗanda suka haɗa jini da shi cikin masu rajista, ko ya tambaya ko bai tambaya ba, kuma gidaje da dama a Amurka da Turai sun gano ta wannan hanya abin da iyaye suka rufe shekara 50. A gidan da ake da 'yan uba, ga gado ba a raba ba, kowa ya san abin da irin wannan takarda za ta haifar.

Saura batun inda bayanan suke kwana. A 2023 ɓarayin intanet suka kwashe bayanan mutum miliyan 6.9 daga kamfanin 23andMe, suka kuma fara tallata jerin sunayen masu asalin Yahudawa da na Sinawa daban. A watan Maris na 2025 kamfanin ya durƙushe, bayanan abokan cinikinsa kusan miliyan 15 suka shiga cikin kadarorin da aka yi cinikinsu, kafin wata cibiya ta Anne Wojcicki, ɗaya daga waɗanda suka kafa shi, ta saye shi kan dala miliyan 305. Gwamnatoci ma sun gwada sa'arsu. Kuwait ta kafa dokar tilasta wa kowa ba da samfuri a 2015, kotun tsarin mulki ta soke ta a 2017, a Kenya kuma babbar kotu ta hana haɗa ƙwayoyin halitta cikin rajistar katin ɗan ƙasa a 2020. Hukumar ONECI da ke ba da katin ɗan ƙasa a nan tun 2019 hoto da zanen yatsu take ɗauka, kuma ya kamata a tsaya a nan. Ƙasar da aka taɓa kashe mutane saboda sunan da ke kan kati ba ta bukatar kundin da ya jera su bisa tsatso.

Abin da ya fi kusa da magance matsalar mutanen Adjame da Treichville shi ne dokar 2013, wadda ta sake buɗe ƙofar sanarwa ga waɗanda suke zaune a ƙasar tun kafin 'yancin kai na 1960, da waɗanda baƙi suka haifa a nan kafin farkon 1973. Sama da mutum 100,000 sun nema kafin wa'adin ya cika a watan Janairun 2016, amma sharaɗin shi ne a kawo takardar haihuwa ko wata tsohuwar shaida, abin da mafi yawan masu bukatar ba su da shi. Wanda ya juya ya ce bari ya nemi ta ƙasar kakanninsa, can ma takardar uba za a tambaye shi, a Nijeriya kuma har da shaidar ƙaramar hukumar da ya fito, alhali bai taɓa taka ta ba. Mu ma da muke kuka da "ivoirite" muna da tamu rigimar ta ɗan ƙasa da baƙo, mutanen Jos shaida ne.

Ga kuma sabon lissafi da ya taso. A 2007 Shugaba Laurent Gbagbo ya soke katin zama ga 'yan ƙasashen ECOWAS, wanda hakan ya sauke wa Hausawan Nijar da na Nijeriya babban nauyi. A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. A sanarwar da ta fitar a ranar, ECOWAS ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanen ƙasashen uku, su kuma bar musu 'yancin shiga da zama, amma ta ce har zuwa wani lokaci da za a sanar. Mai sayar da garba a bakin babbar kasuwar Adjame, wanda a Abijan aka haife shi amma katin ofishin jakadancin Nijar ne a aljihunsa, zamansa a unguwar da aka yanke masa cibiya ya rataya ne a kan wannan jimla.